Ranar da Kaka Ta Sa Gajeren Wandona

Kakata ta wajen uba ba ta iya zagi ba, ba ta kuma taɓa rera wa kowa waƙar zambo ba. Abin da ta iya shi ne ta miƙe tsaye ta zama kai. Sai ta ɗauki tafiyarka, ta ɗauki tarinka, ta ɗauki yadda kake tura hula gaba in za ka shara ƙarya, ta baje su a tsakar gida kowa ya kalla. Babarbariya ce, tun kafin a haifi Baba ta zo Potiskum, amma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta miƙe ba. Ta ce wa mace "shi", ta ce wa namiji "ke", in ka gyara mata ta ce ai dai ka gane. Abin mamakin shi ne da ta shiga rigar wani sai harshen nan ya warware. In Bakano take yi, Kananci tsantsa za ka ji, in Bafulatani ne kuwa har jan muryar nan tasu sai ta kawo.

A unguwarmu akwai wata al'ada ta ranar suna. Bayan la'asar, in an ci an sha an kwashe kwanuka, mata sukan share tsakar gida su zauna a kewaye, sai tsohuwar gidan ta fito sanye da kayan maza ta kwaikwayi mazan unguwa. Wasan tsofaffi muke ce masa. Ba a kama suna, kuma wanda aka taɓa ba shi da ikon yin fushi, don in ya yi fushi ya amsa ke nan. Maza kan zauna a zaure su nuna ba ruwansu da shirmen mata, alhali kowa ya samu ɓular da yake leƙe a jikin zana. Gidan da ba su da tsohuwa mai baki sai su aiko a ari tamu, a haɗa ta da ƙawarta, wata 'yar Karekare mai sayar da daddawa, wadda ita ce ke ba ta amsa a wasan.

Ina yaro na ga yadda suka yi da telan unguwarmu, mutumin da bai san wata kalma ba sai "gobe". Kaka ta zauna a bayan turmi tana buga ƙafa tana taka keken ɗinkin ƙarya, mai daddawa ta kawo jaririn da ake wa suna a auna shi. Kaka ta auna shi da kara, ta ce a zo gobe. Mai daddawa ta zaga bayan ɗaki, ta dawo a duƙe, da sanda, da gemun auduga har ƙirji, murya na rawa.

"Na zo karɓar rigar sunana."

Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Saura maɓalli. Gobe."

Telan yana zaure a ranar. Ya fi kowa dariya, kuma wata biyu cur aka yi yana ba mutane ɗinkinsu a kan lokaci kafin halin ya dawo. Ni ma a wajen dariya ba a bar ni a baya ba, har birgima na yi a ƙasa. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ni za a shimfiɗa ba.

Shekara guda kafin a gama yaƙin basasa na dawo daga kwalejin horon malamai, aka ba ni aji a wata firamare a cikin gari. Shekarata ashirin da ɗaya, kaina kuwa ya kumbura har hula ba ta shiga, wataƙila shi ya sa na daina sa ta. Ga gajeren wando na kaki mai karin guga, ga doguwar safa har gwiwa, ga biro uku jere a aljihun gaba alhali hannun rubutu ɗaya Allah ya ba ni. Na sayi keke, na sayi agogo, na sayi tabarau wanda ba likita ya ce in sa ba. In mutum na yi mini magana sai in riƙa ɗaga hannu ina duba lokaci. Na daina cin tuwo da hannu. Gaisuwar safe ta koma "gud monin", ko da wanda na gaisar bai san abin da zai amsa ba.

Har darasi na yi wa 'yan aji shida a kan zambo da habaici. Na ja layi a tsakiyar allo, na rubuta zambo a dama, habaici a hagu. Na ce zambo kai tsaye yake zuwa, habaici kuwa ana yin sa ba tare da an kalli mai shi ba, kuma duka biyun ana yin su ne don a ba mutane dariya a gyara hali. Yara suka kwafa, na bi na duba da jan biro. Ni da na rubuta, ban san abin da na rubuta ba.

Baba mai igiya ne. Da damina yana noma a wajen Danchuwa, da rani kuma yana tufkar igiyar rama, ya kai bakin kara, wato kasuwar shanu, ya zauna a gindin wata tsamiya, Fulani da dillalai suna saye. Da igiyar nan ya yi mini kayan makaranta tun daga elemantare har kwaleji. Mutum ne mara yawan magana. In ya ji daɗi sai ya ce "to", in ransa ya ɓaci ma "to" ɗin ce dai, sai wanda ya san shi sosai ke rarrabewa.

Hanyar makarantarmu ta gindin tsamiyar nan ta bi. Farkon kama aikina, in na iso sai in sauka daga keke in durƙusa in gaishe shi. Bayan wata biyu na ga durƙuso yana ɓata mini karin guga, sai na koma gaisuwa a tsaye, ƙafa ɗaya a kan feda. Daga baya tsayawar ma ta zama ɓata lokaci, sai in ɗaga hannu kawai in wuce. Baba ya riƙa ɗaga nasa shi ma.

Wata Laraba, ranar da kara ke ci, mai duba makarantu ya zo mana daga Maiduguri. Ya shiga ajina, ya zauna a baya, ya yaba da yadda nake rubutu a allo. Da aka tashi, hedimasta ya ce in raka shi tasha, zai wuce Damagum. Muka taho a ƙasa, ina tura keke da jakarsa ɗaure a baya, ina ta zuba Turanci, wanda na iya da wanda ban iya ba. Ji nake gari ya yi mini kaɗan.

Muka iso tsamiya. Baba na zaune a cikin tarin igiyoyi, da tsohuwar rigar aikinsa, ƙafafunsa duk kashin shanu. Da ya hango ni tare da babban mutum sai ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya tako yana murmushi, ya kira ni da laƙabin da yake kira na da shi tun ina rarrafe. Na ɗaga hannu, ban tsaya ba.

Baƙon ya waiwaya, ya tambaye ni da Hausa, "Malam, wane ne wannan dattijon?"

Na ce, "Wani tsoho ne ɗan unguwarmu."

A hankali na faɗa, ko dai haka na yi ta gaya wa kaina. Ga kukan shanu, ga hayaniyar dillalai, wa zai ji? Amma kafin mu kai tasha bakina ya yi ɗaci, Turancin ma ya ƙafe.

Mako biyu na yi ina satar kallon Baba. Ya ji, ko bai ji ba? Na san shi, in ya ji ba zai yi faɗa ba, ba zai kai ƙara wajen kowa ba, zai dai janye zuciyarsa a hankali ya bar ni da keke da agogona. Wannan na fi tsoro fiye da duka. Na sayo masa goro mai kyau na kai masa, ya karɓa ya ce "to". Na tsaya ina auna "to" ɗin, ni da nake taƙama na san shi, na kasa gane wacce ce.

Ana cikin haka yayata ta haihu. Haihuwar fari ce, don haka gida ta zo, sunan kuma ya faɗo ranar Lahadi. Da sassafe na wanke kayan aikina na shanya a bayan ɗakina, na zura babbar riga na shiga hidimar baƙi. Bayan la'asar na je in kwaso su in goge, sai na tarar da igiyar shanya wayam. Ba wando, ba riga, ba safa. Na faɗa ɗaki, tabarau ba ya nan, biro ukun nan ba ko ɗaya, agogon da na cire zan yi alwala shi ma ya yi ƙafa. Na fito ina bambami, ina cewa gidan suna ya zama gidan ɓarayi. Ina isa ƙofar da ta raba zaure da tsakar gida sai na ji mata sun rangaɗa guɗa.

Kaka ce ta fito daga ɗakinta, a kan taɓarya.

Tsohuwa ce da ta haura saba'in, ga ƙafafu sirara. Ta ɗaure wandona a ƙugu da tsumma don kada ya zame, ta ja safa har gwiwa, ɗaya ta tsaya ɗaya ta sulale. Tabarau a ƙarshen hanci, biro uku a aljihu. Ta sa taɓaryar a tsakanin ƙafafu, ta riƙe kanta da hannu biyu, ta zagaya fili tana buga ƙararrawa da baki, hanci a sama.

"Kirrin-kirrin! Gud monin! Gud monin gaba ɗaya!"

Muryata ce. Wallahi muryata ce, har da wani ɗan gyaran murya da nake yi kafin in yi magana, wanda ni kaina ban san ina yi ba sai ranar. Ta tsaya a gaban akuyar da aka ɗaure a gindin rumbu ta ce mata gud monin. Akuya ta yi kuka. Kaka ta zaro biro ta nuna ta.

"Nonsens! Sake faɗa!"

Mata suka kwanta da dariya. Aka kawo mata tuwo a akushi, ta kalle shi a wulaƙance ta ce ina cokali. Aka miƙo mata ludayi. Ta shiga bin loma ɗaya a cikin akushi, loma na gudu tana bi, har ta fi ƙarfinta ta faɗo ƙasa. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ga ba mai kallo, ta yi wuf ta danna hannu a miya. Wannan ma na taɓa yi, na ɗauka ba wanda ya gani.

Mai daddawa ta zo ta rusuna. "Malam, don Allah ƙarfe nawa?"

Kaka ta ɗaga hannu ta ƙura wa agogo ido. Ta girgiza shi, ta kara a kunne, ta sake ƙura masa ido. Can sai ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ce, "La'asar sakaliya."

Da farko raina ya ɓaci, kunnuwana suka yi zafi. Amma da aka zo kan agogon nan sai na ji dariya ta kufce mini, na toshe baki da hannun riga. A bayana maza sun manta da cewa ba ruwansu, kowa ya manne da zana. Telan nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, sannu da shigowa layi."

Na ɗauka an gama. Sai na ga mai daddawa ta ja turmi tsakiyar fili, ta naɗe wata igiya a gefensa, ta kifa masa tsohuwar hula a ka. Sannan ta rataya jaka, ta tura ciki gaba, ta zama babban baƙo. Kaka ta sauka daga taɓarya ta riƙa tura ta, suna tafe tana zuba wani Turanci da ba a taɓa jin irinsa ba, baƙo na gyaɗa kai. Sai a lokacin na tuna cewa mai daddawa a gefen tsamiyar nan take kasa kayanta duk ranar kara. Ban gan ta ba a ranar, don a kwanakin nan ba na ganin kowa.

Suka iso wajen turmi. Mai daddawa ta tsaya, ta waiwaya.

"Malam, wane ne wannan dattijon?"

Kaka ba ta amsa ba. Ta juyo a hankali, ta sauke tabarau, ta dube ni ta samansa, ni kaɗai, a inda nake tsaye a bakin ƙofa. Ban san tsawon lokacin da ta yi tana kallona ba. Na san dai gumi ya jiƙa mini babbar riga, kuma na roƙi Allah a zuciyata fiye da yadda na roƙe shi ranar jarrabawa.

Sai ta ɗaga hannu ta dubi agogo. "Taim ya ƙure!" Ta haye taɓarya ta zura da gudu, safa na faɗuwa, wando na zamewa, mata na bin ta da tafi da guɗa. Su a wajensu wasan agogo ne aka ƙara. Na waiwaya cikin zaure. Baba na zaune a kan buzunsa, kansa a sunkuye, yana ɓare wa wani baƙo goro.

Da aka watse, kafin magariba, na same ta a ɗakinta tana fama da cire safa.

"Ke maigida, zo ka ja mini abin nan. Ashe azaba kake sha a ƙafa? Wushe, wushe."

Haka take kira na, maigida, irin wasan kaka da jika, "wushe" kuwa sannu ce da Barbarci. Ni kuwa ba wasa ya kawo ni ba. Na ce, "Kaka, kin tozarta ni a gaban jama'a. Ni fa malami ne."

"To malam, zauna. Me na taɓa?" Ta riƙe yatsa. "Tun kana yaro in ranka ya ɓaci in'ina take kama ka. Na yi ta? Kunnuwan nan naka da suka yi gaba suka bar kai a baya, na taɓa su? Abin da Allah ya ɗora wa mutum ba na wasa da shi, don ba zai iya saukewa ba. Abin da ya ɗora wa kansa nake ɗauka in sa a jikina, ya gani. In ya ga ya yi mini kyau, sai ya ci gaba da sawa."

Ta cire tabarau ta miƙo mini.

"Kuma ba na yi wa wanda ba na so. Wanda ba na so, gaishe shi nake yi da kyau in wuce."

Na yi shekaru ina koyar da zambo da habaici bayan wannan, na karanta abin da masana suka rubuta, ban samu wanda ya ƙara mini komai a kan abin da tsohuwar nan ta faɗa tana zaune da safa ɗaya a ƙafa ba. Amma a lokacin ba ilimi ne a gabana ba. Tambaya ɗaya ce ke ci na.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗi amsar da na ba baƙon nan ba?"

"Na so in faɗa. Kwana uku ina gwada ta, na iya ta sarai." Ta gyara murya irin tawa, ta faɗe ta a hankali, kalma bayan kalma, yadda na faɗe ta. Ban taɓa jin abu mai muni irin wannan ba, kuma da muryata. Sannan ta koma muryarta ta ce, "Ubanka ya hana."

"Baba ya ji?"

"Taku biyu ne tsakaninku. Kurma na haifa?" Ta ninke wandon a cinyarta. "Jiya da rana ya same ni a nan. Ya ce, Iya, na san abin da kuke shiryawa. Ki yi wandon, ki yi agogon, ya ji a jikinsa, zai amfane shi. Amma maganar nan kada ta fita. Matan da za su zauna a nan, 'ya'yansu yake koyarwa. In suka ji, gobe da wace fuska zai ce wa ɗan wani ya girmama ubansa?"

Kunya na sha ji a rayuwata, amma irin ta ranar ban sake ji ba. Mako biyu ina tsoron kada ya janye daga gare ni, ashe shi yana can yana tare mini mutunci a wajen mutane, ni da na ji kunyar nuna shi a gaban baƙo. Na kwashi kayana na fita, ban ko yi mata sallama ba. Ina jin ta tana cewa in dawo mata da tsummanta, yana jikin wandon.

Washegari Litinin. Kafin in gama shiri Baba ya riga ya fita. Na same shi a gindin tsamiya, kara ba ta ci, ba kowa sai shi da wasu tumaki. Ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka. Na jingine keke, na zube a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa.

A hanya na tsara jawabi irin na malamai, da na farko da na biyu da na uku. Da na buɗe baki sai in'ina ta shaƙe ni. "Ba-Baba, ni, ni..."

"To," in ji shi, bai daina tufka ba. "Tashi, ƙasa za ta ɓata maka kaki."

Ban tashi ba. Na sake gwadawa, in'ina ta sake tare ni. Ya ajiye igiyar, ya dube ni sosai. Sai na ga gefen bakinsa yana motsi.

Ya ce, "Jiya da kakarka ta fito da wandon nan, da ƙyar na riƙe kaina a gaban baƙi. Dole na sunkuya na kama goro. Ashe ƙafafunku iri ɗaya ne, kai da ita."

Ya fashe da dariya, irin wadda na jima ban ji daga bakinsa ba, har yana share ido da bakin riga, tumaki suka firgita suka watse. Ni ma na kama, ina dariya ina kuka a haɗe, majina da hawaye, malami guda a durƙushe a bakin kara. Sai da muka lafa ya miƙo hannu ya dafa kaina, abin da rabonsa da yi tun ranar da ya sa ni a motar tafiya kwaleji.

Ya ce, "Je ka. 'Ya'yan mutane na jira."